Kapo Ermete da Ɓauren Donna Nunziata

Ƙanena Ermete ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin jirgin ƙasa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar sai ya ji wannan adadi. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne wane irin aiki. To ni zan gaya maka, don ni na share masa majina yana yaro. Ka san sandar nan mai ja da fari da ake saukewa a tare hanya in jirgi zai wuce? Ita yake saukewa ya ɗaga, sau biyu a rana, a bakin garinmu Serrafonda, a layin da awaki suka fi jirgi zirga-zirga. Da aka rufe layin ya dawo gida da hula mai baki, da usur, da wani ƙaton littafin lokutan jiragen Turai wanda aka buga shekarar da na aurar da 'yata, ga shi yanzu ɗanta har ya yi gemu. Ya kuma dawo da suna, Kapo, wato shugaba, wanda shi ya raɗa wa kansa. Iyakar nisan da ya taɓa yi a cikin jirgi kuwa Foggia ce, birnin da ke kusa da mu, ranar da ya je cire haƙori.

Garinmu yana da ƙawance da wani gari a Beljiyam, Harlimont, inda rabin mazanmu suka tafi haƙar kwal zamanin da nan babu abin kaiwa baki. Su aiko mana da cakulan, mu aika musu da man zaitun, duk shekara goma a taru a busa ƙaho a yi jawabi. Bana aka cika shekara arba'in, kuma bikin a can za a yi shi, ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya na safe, a bakin tsohon ramin kwal.

A cikin wannan rami Ilario yake, wan mijin maƙwabciyata Donna Nunziata. Ƙasa ta rufta da shi yana da shekara ashirin da uku, har yau ba a fito da shi ba. Ƙanensa Sabatino, mijin nata, ya dawo gida ya rayu da buri guda: ya kai ɗan ɓauren tsakar gidan mahaifiyarsu ya dasa a saman inda wansa yake kwance. Yau ne, gobe ne, har sanyin bara ya tafi da shi, ya kuma haɗa da tsohon ɓauren ya ƙone shi har saiwa. Abin da ya rage a duniya daga wannan itace dashe ɗaya ne tak da Sabatino ya kafa kafin ya kwanta, kuma Donna Nunziata ta yi masa alkawari a bakin gado za ta kai. Shekarunta saba'in da takwas, likita ya hana ta hawa jirgin sama saboda zuciya. Magajin garinmu da 'yan majalisarsa kuwa duk ta sama za su bi.

Maganar ta iske Ermete a shagon Mastro Saverio mai aski, fuska cike da kumfa.

"Jirgin sama?" in ji shi. "A ɗaure mutum a kujera a miƙa masa biskit? Ku ba ni matar, ku ba ni itacen. Kwana huɗu, birni biyar. Bologna, Venice, Munich, Cologne, Brussels. Ta ga Turai da idonta, ta sauka Harlimont ranar Juma'a ta huta. Ko minti ɗaya ba zai zube ba, komai yana cikin littafi."

"Littafin nan bai tsufa ba kuwa, Kapo?" Saverio ya tambaya yana wasa aska.

"Layin dogo yana tsufa ne? Ƙarfe ne fa. Inda aka shimfiɗa shi jiya nan yake yau."

"Na bakin garinmu fa? Na ga an shuka wake a kai."

"Yi askinka, Mastro, ka bar wa masu jirgi jirginsu."

Abin mamaki, Donna Nunziata ta amince. Ni kuwa na ce ƙafata ƙafarsu, don ko akuya ba zan bar wa Ermete ya kai kasuwa shi kaɗai ba. Saverio ma ya rufe shago, ya ce wannan tafiya ba wadda mutum zai yarda a ba shi labarinta ba ce.

A satin nan ne ma wani ya tone ɗan ɓauren da Ermete ya dasa wa kansa a bayan tsohuwar tasha, wanda ya shekara uku yana yi wa ban ruwa yana kuma yi masa hira. Ya cika gari da rantsuwa cewa ko cikin itatuwa dubu aka sa abinsa zai gane shi da ido rufe, kuma da ya dawo daga Turai ɓarawon zai gane kurensa.

Ranar Talata gari ya fito raka mu bakin bas, tunda jirgi ya daina zuwa mana. Ɓauren ya kai ƙirjin mutum tsawo, yana cikin tukunyar ƙasa, an naɗe shi da buhu an ɗaure a keken cefane na. Donna Nunziata ba ta riƙe komai ba sai baƙar jakarta ta hannu, wadda ko coci ba ta ajiye ta. Ermete ya gyara hula, ya duba agogo, ya yi wa direban bas nuni ya tashi. Direban ya ƙarasa shan kofinsa tukuna.

A Bologna aka fara. Littafi ya ce jirgin Venice a dandamali na uku yake tashi, allon tasha kuma ya ce na goma sha ɗaya. Ermete ya kalli allon ya girgiza kai cikin tausayi.

"Yaran zamani. An ba su na'ura sun kasa sarrafa ta. Ku biyo ni."

Muka tsaya a na uku mu kaɗai, mu da wata tattabara. Daga nan muka hango jirginmu can ƙetare yana rufe ƙofofi. Ermete ya zaro usur ya busa da duk ƙarfin huhunsa, wai zai tsayar da shi. Jirgin bai ko tari ba. Amma mutanen tasha, wayyo! Masu gudu na gudu, wata ta zubar da kofi a rigar mijinta, 'yan sanda biyu suka iso suna haki. Sai da aka yi rabin awa ana tambayoyi, aka sake shi babu usur.

"Abokan aiki ne," in ji shi da ya dawo. "Sun ga irin na da ne, sun roƙa su ajiye a ofis."

"Ai na ga yadda suke roƙon," in ji Saverio. "Ɗaya har ya riƙe maka wuyan riga don girmamawa."

Washegari minti casa'in ya ware wa Venice. Na ce mu shiga kwale-kwalen haya kamar kowa, ya ce wannan na baƙi ne, shi ya san gajeriyar hanya. Ashe garin nan duk taku ashirin akwai gada, kowace gada kuma matakala ce hawa da sauka. Ni a gaba, Saverio a baya, muka yi ta cicciɓar keken cefane da tukunyar ƙasa, shi kuwa Kapo yana gaba hannu a baya yana bayani. Gajeriyar hanyar ta kai mu bakin ruwa ta tsaya cak. Muka juyo. Ta biyu ma ruwa. Wata mata ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, babban filin ta can ne, ka bi kibiyar da ke bango!" Ya ɗaga mata hannu ya ce ya sani, ya bi ɗaya hannun. Gada goma sha huɗu na ƙirga da ƙashin bayana, sannan muka ɓulla a bayan tashar da muka baro.

"Kun ga Venice ta ainihi ke nan," in ji shi, "wadda baƙi ba sa gani."

"Gaskiyarka, Kapo," in ji Saverio yana share zufa. "Wandon nan mai ɗigo-ɗigo da aka shanya, sau uku muka wuce ƙarƙashinsa. Ko a Serrafonda na haɗu da shi sai mun gaisa."

Donna Nunziata kuwa ruwa kawai ta nema, mara gas, wanda ba ya kumfa, wai na shan magani, ta shiga bayi da jakarta ta fito. Haƙurinta ya riƙa ba ni tausayi, har na ƙara jin haushin ƙanena.

A Munich ya ce a ajiye ɓauren a akwatunan ajiyar kaya na tasha mu shiga gari sakayau. Akwatin bai kai rabin itacen ba. Sai na ga ya kama kan ɓauren zai lanƙwasa. Na sakar masa laima a gadon baya.

"Yaya! A gaban mutane?"

"Ka sake taɓa reshen nan ka ga abin da zan yi maka a gaban mutane."

Haka muka ja abinmu har tsakiyar gari, don ya ce akwai agogon da 'yan gumaka ke fitowa suna rawa, kuma ƙarfe ɗaya daidai suke fita. Muka tsaya mu huɗu da itace, kai a sama, baki buɗe. Ɗaya ta buga, shiru. Ɗaya da rabi, shiru. Mai sayar da burodi a gefe ya yi mana nuni da yatsu cewa tun sha biyu aka gama. Kafin nan wasu baƙi sun ɗauka mu ne abin kallon, sun kewaye mu suna ɗaukar hoto, wata har ta jefa tsabar kuɗi cikin tukunyar.

Muka koma tasha don jirgin yamma, mai sayar da tikiti ta duba littafin Ermete, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta gani, suka yi ta juya shi kamar an tono shi daga kabari. Jirgin da muke nema an daina shi shekara goma sha takwas da suka wuce, sauran kuma sun cika. Ermete ya ce jirgin yana nan, ɓoye shi suke yi saboda cunkoso. Ko ma dai yaya ne, kwana ɗaya ya zube, sai ranar Juma'a da safe muka samu kujeru zuwa Cologne.

Jirgin Juma'a dogo ne, ba ka ganin ƙarshensa. Kujerunmu suna can baya, taragon a cike, mai duba tikiti ya ce itace ba zai tare hanya ba, wurin ajiye kekuna kuma sai can gaba. Ermete ya kumbura.

"Kun ji ko? Tarago na musamman suka ba shi."

Wata mata a kan dandamali ta ji muna yaren gida ta matso. 'Yar Naples ce, ta shekara talatin a Jamus.

"Baba mai hula, ka lura fa. Jiragen nan biyu ne aka haɗa hanci da hanci, ba a wucewa daga wannan zuwa wancan. A hanya za a raba su, na gaba ya tafi Berlin, na baya Cologne."

Ermete ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Madam, shekara talatin da ɗaya. Jirgi dubu ashirin da biyu sun wuce ta gabana, ban ga wanda ya rabu biyu ba. Burodi ne? Wancan na tsakiya kan jirgi ne na taimako, na hawan tudu."

"To Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta ja akwatinta.

Na ce ni zan je in zauna da itacen ko a tsaye ne. Donna Nunziata ta kama hannuna ta ce, "Zauna, Liberata, dubi yadda ƙafarki ta kumbura." Ermete ya tura keken ya kai gaba, ya dawo a guje, ya yi alkawari duk tashar da aka tsaya zai sauka ya duba shi.

Ya duba a ta farko, ya duba a ta biyu. A ta uku aka daɗe a tsaye, na sauko in miƙe ƙafa. Da idona na ga tsakiyar jirgin ta buɗe a hankali, rabin gaba ya zame ya fara tafiya. Da idona kuma na ga ƙanena, mai shekara sittin da shida, yana bin sa da gudu, hula a hannu, ɗaya hannun yana lalubar ƙirji inda usur yake a da. Ya kai ƙarshen dandamali ya tsaya. Jirgin ya sha kwana ya ɓace.

Ya juyo ya gan ni. Fuskarsa ta koma kamar garin fulawa.

"Yaya, ki rufa mini asiri."

"Asirin wa? Ɓauren Sabatino ne ya tafi, shashasha! Babu wani a duniya! Gobe ƙarfe sha ɗaya matar nan me za ta sa a rami, hularka?"

"Zan dawo da shi. Wallahi zan dawo da shi. Muna isa Cologne zan yi magana da manya, waya ɗaya ce, su sako shi a jirgi na gaba."

Na yi kuka a kan dandamalin nan, ba na ɓoyewa. Na yarda da shi ne don ba ni da wani abin da zan yarda da shi. Muka koma ciki, ya zauna ya gyara wuyan riga ya ce wa Donna Nunziata itace yana lafiya, har sabon ganye ya fitar.

"Madalla," in ji ta. Saverio ya juya yana kallon taga, kafaɗarsa tana rawa, na ɗauka sanyi ne.

A Cologne ya bar mu ya tafi wurin manyan nasa. Shi ya sa Cologne ce kaɗai birnin da muka gani a duk tafiyar, don babu mai nuna mana hanya: muna fita ƙofar tasha sai ga babban cocin a gabanmu, tsayinsa har wuya ya yi ciwo. Donna Nunziata ta kunna kyandir biyu. Suka zauna bakin kogi ita da Saverio suna cin wainar tuffa, ni ko loma ɗaya ta ƙi wucewa.

Da la'asar sai ga Ermete yana tahowa yana taku ɗai-ɗai, rungume da wani ƙunshi a sabon buhu, an naɗe shi da salatif tun daga sama har ƙasa.

"Jirgin gaggawa suka sa ya dawo da shi," in ji shi. "Hukuma ta rufe da hatimi, doka ta hana buɗewa sai a wurin dashe."

"Keken cefane na fa?"

"Yana zuwa a baya."

Don murna na sumbaci goshinsa, abin da rabona da yi tun ranar aurensa.

Asabar da safe muka kama zangon ƙarshe. Brussels dai ta taga muka gaisa da ita. Wurin canjin jirgi na kama ƙunshin zan taya shi ɗagawa, sai na ji ya taso a hannu ɗaya. Tukunyar da ta karya mini baya a gada goma sha huɗu! Muna shiga sabon jirgin na ja Ermete da ƙunshin lungu tsakanin taragu, na huda buhun da yatsa. Ganyen ɓaure kaushi gare shi kamar harshen kyanwa. Wannan sumul yake, sanyi ƙalau, babu ƙamshin komai.

"Ermete. Roba ce."

"Yi a hankali, Yaya, za su ji."

"A ina ka samo?"

"Shagon kayan adon ɗaki, bayan tasha. Ofishin kayan da suka ɓata sun ce in cika takarda in jira sati biyu. Ki saurara mana! Wannan ya fi na gaske. Ba ya son ruwa, sanyi ba ya kashe shi. Wancan da ma ba zai kai Kirsimeti ba a ƙasar nan. Ɓaure ai ɓaure ne, wa zai tsaya dubawa?"

Saura kaɗan in mare shi. Na koma na zauna kusa da Donna Nunziata, na buɗe baki zan gaya mata, ta riga ni.

"Liberata, miƙo mini ruwan nan. Mara gas ɗin."

"Donna Nunziata, akwai maganar da..."

"Ci burodinki, tun jiya ba ki ci komai ba."

Kafin in sake tattaro ƙarfin hali jirgi ya tsaya, ƙarfe goma da rabi, ga 'yan busa a kan dandamali suna jiran mu.

A bakin ramin an taru maƙil. Ga magajiyar garinsu Madam Delvigne da ɗamarar tuta a kafaɗa, ga namu magajin garin da ya sauka tun jiya ya sha barcinsa. Ga tsofaffin ma'aikatan ramin su goma sha biyu a jere, kowa da hular ƙarfe mai fitila. An haƙa rami mai faɗi kusa da dutsen da aka rubuta sunaye, a gefensa kuma Amedeo yana tsaye da shebur, wani tsoho ɗan asalin garinmu da ya ƙare aikinsa yana kula da lambunan Harlimont.

Ba wanda ya sa Ermete cikin masu jawabi, amma ya karɓe abin maganar.

"Jama'a! Ƙasa huɗu na ƙetaro da wannan itace. Na raba shi da ruwan Venice, na raba shi da sanyin Jamus, ban runtsa ba, ban bar shi ya yi nisa da idona ba ko na minti ɗaya. Wani ne da tuni ya ɓatar da shi. Amma shekara talatin da ɗaya..."

Aka tafa masa don ya yi shiru. Amedeo ya sa wuƙa ya yanke salatif, buhu ya zame. Itace ya fito yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Amedeo ya kewaya shi sau ɗaya, ya sa hannu can ƙarƙashin ganye ya ɗago wani abu rawaya.

"Ɗan'uwa, ɓaure ne wannan?"

"Ɓaure ne mana."

"Ɓaure mai lemo?"

Ashe bishiyar lemo ce ya saya, ya bi ya tsinke 'ya'yan, ɗaya ya ɓuya masa.

"Aure aka yi musu," in ji Ermete, zufa tana bin kunnensa. "Sabuwar dabara ce, ba ta iso nan ba tukuna."

Amedeo ya kama gindin ya ja don ya fitar daga tukunya, itace ya fito da dunƙulen siminti a maimakon saiwa, da wata 'yar takarda tana lilo. Madam Delvigne ta sa tabarau ta karanta, mai fassara kuma, Allah ya saka masa, ya maimaita a abin magana: a riƙa gogewa da ɗanyen tsumma, a nisanta da wuta.

Mai babban ƙaho ne ya fara, dariya ta kufce masa cikin ƙahon ta fito da wata irin ƙara. Daga nan fili ya ɗauka. Magajin garinmu ya rufe fuska da takardar jawabinsa. Amma tsofaffin nan masu hular ƙarfe ko ɗaya bai yi dariya ba. Na ƙarshensu, wanda ke kan keken guragu, ya ce da yarenmu, ba da ƙarfi ba, "Abin da kuka kawo wa Ilario ke nan?"

Dariya ta mutu. Ni dai kunya ta hana ni ɗaga kai, ina jin kamar ni na sayo robar.

Sai na ji ƙarar maɓallin jaka. Donna Nunziata ta buɗe baƙar jakar nan, ta fito da gwangwanin tumatir a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar safar namiji. A ciki akwai ɗan tsiro bai fi taki ɗaya ba, da ganye uku masu kaushi.

"Ga na Sabatino," in ji ta.

Ermete ya dubi tsiron. "To... to wancan fa? Wanda na..."

"Wanda ka aika Berlin? Ermete, na san ka tun kana yawo ba wando. Abin da babu na biyunsa a duniya zan ɗauka in ba ka?"

"To wane ɓaure na yi kwana huɗu ina ja?"

Saverio ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Na bayan tsohuwar tasha ne, Kapo. Ni na tone. Ƙasar wurin akwai tauri, sai da na yi bororo."

"Nawa? Ɓaurena?"

"Ai mun ɗauka za ka gane shi tun a bas. Kai ka ce ko da ido rufe."

Na juya kan Donna Nunziata, raina a ɓace. "Ni fa? Gada goma sha huɗu! Kukan da na yi a Jamus!"

"Yi haƙuri, Liberata. Da na gaya miki, da fuskarki ta gaya masa kafin Bologna."

Ramin ya yi wa tsiron girma, sai da Amedeo ya mayar da fiye da rabin ƙasar. An yi yayyafi da safe, wurin ya jiƙe. Donna Nunziata ta duba ƙasa, ta duba gwiwoyinta, ta miƙa hannu.

"Ermete, ba ni littafin nan."

Ya miƙa mata ba musu. Ta ajiye shi a kan taɓo ta durƙusa a kai, ni da Saverio muna riƙe da ita. Ta zare tsiron daga gwangwani, ta sa a rami, ta danna ƙasa da yatsunta. Ta shimfiɗa safar a gindinsa.

"Ilario," ta ce, "ga saƙon ƙanenka. Na tsakar gidan Mama ne. Ya ce ka yi haƙuri, ya makara."

Tsofaffin nan suka cire hulunan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya busa komai. Na waiga na ga Ermete shi ma ya cire tasa, hawaye yana zuba har haɓa, na ji zuciyata ta ɗan yi laushi. Na matsa kusa da shi.

"Yaya," ya ce a hankali, "shekara uku ina rainonsa. Bana zai fara 'ya'ya. Yanzu yana can shi kaɗai cikin kekuna, wa zai ba shi ruwa?"

Na sunkuya na ɗauko bishiyar robar da simintinta da lemonta ɗaya, na dangwara masa a ƙirji.

"Riƙe, ka kai bayan tasha ka dasa. Ai ya fi na gaske. Ba ya son ruwa, sanyi ba ya kashe shi."

Shi ya rungumo ta har Serrafonda, kuma a hanyar dawowa Saverio ne yake karanta allo.